Jaririn Waliyyi a Cikin Safa

Tun kafin ta san sunanta, Edinalva ta yanke hukuncin cewa yarinyar nan mai jar riga macuciya ce.

Layin abincin rana ya miƙe daga ƙofar kicin ɗin jirgin ruwa mai suna Boa Lembrança har ya lanƙwasa ta inda fasinjoji suka ɗaɗɗaure ragar kwanciyarsu. An baro Óbidos da safe, ana hawan kogi zuwa Manaus. Nalva, kamar yadda kowa ke kiranta, tana zuba shinkafa da wake da kaza, amma idonta ba ya kan ludayi, yana kan fuskoki. Kuɗin jirgi da abinci a cikinsa, sai dai kwano ɗaya ne ga mutum ɗaya. Shekarun da ta yi tana girki a kan ruwa sun koya mata cewa ɗan Adam, in ka kau da kai, har inuwarsa sai ya karɓar wa abinci.

Mai jar rigar ta sake miƙo kwano.

"Ke, ba ɗazu na zuba miki ba?"

"Ni? Anya kuwa?"

"Ke mana. Har kika ce in ƙara miki garin rogo."

"Ashe kin lura da ni," in ji yarinyar, tana wani murmushi mai ban haushi. "To, buƙata ta biya."

Nalva ta zuba mata rabin ludayi don layi ya motsa, sannan ta bi ta da ido. Yarinyar ba ta kai wa kowa ba. Zama ta yi a bakin matakala tana tura abincin da ƙyar, ga dukkan alamu tun a na farko ta ƙoshi. Wannan ya ƙara tayar wa Nalva hankali, don wanda ya karɓi abin da ba ya buƙata, akwai wani abin da yake nema.

Da la'asar ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta tarar yarinyar ta kwance ragarta daga gaban jirgi, inda iska take, ta dawo da ita daidai ƙofar kicin. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi ya san ba mai hankalin da zai zaɓi wurin nan. Ga ƙarar inji, ga zafin murhu, ga warin albasa.

"Me kike so ki sata?" Nalva ta tambaye ta kai tsaye.

"Ban yanke shawara ba tukuna, 'Yar Sanda. Sunana Rosivane. Masu sona suna cewa Vane."

"Ni Kwano Biyu zan ce miki."

"Na karɓa. Kin ga har kin sa min suna."

Nalva ta koma ciki da sauri, don kada a ga abin da bakinta ya fara yi. Ta duba wuƙaƙenta da cokulanta, komai na nan. Duk da haka ta ji kamar an ɗauki wani abu.

Vane fatauci take yi. Tana saro riguna da silifa da turare a Manaus, ta bi gida-gida a Óbidos tana sayarwa. Jirage da yawa suna bin hanyar nan, wasu sun fi Boa Lembrança gudu da tsafta, amma daga wannan tafiyar ba a ƙara ganinta a wani jirgin ba. Ragarta kuma kullum a ƙofar kicin. Tana fere rogo, tana yanka albasa tana hawaye tana dariya, tana ba Nalva labarin matan da ke gwada riga sau uku su ce ta matse su.

A kan kogi waya ba ta aiki sai an zo kusa da gari. In Vane tana gida, Nalva takan wuni wayarta shiru, sai an hango fitilun Juruti ko hasumiyar cocin Parintins, saƙonni su zubo gaba ɗaya.

"'Yar Sanda, na ci abincin Mama yau, na ji babu gishiri. Ashe gishirin na nan, ke ce babu."

"Kin yi shiru. Na san babu sabis ne, amma ki bar ni in yi fushina."

"In kin iso Parintins ki kalli hagu, akwai wata tsohuwa mai sayar da cuku. Ki saya ki ci rabi, ki ajiye min rabi. Zan auna."

Nalva takan karanta su sau da yawa, tana neman inda ƙaryar ta ɓuya. Amsarta gajera ce kullum.

"Na saya. Wa ya kai ki gida da kaya jiya?"

Kada ku yi saurin ganin laifinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin Vane akwai wata Cleide, wadda suka daɗe tare har suka sayi firiji da kuɗinsu su biyu. Ranar da Nalva ta san Cleide za ta auri wani ɗan Juruti, ba daga bakinta ta ji ba. Kayan auren ne aka yi lodinsu a jirgin da take girki, gado da katifa da firijin nan, kowanne da sunan amarya a jiki. Tun daga ranar ta sa a ranta cewa mace irinta mashaya ce a kan hanya, a tsaya a sha ruwa, a wuce gida.

Amma so ba ya neman izinin mai tsoro. Wata rana da yamma, jirgi ya ratsa inda ruwa baƙi ke haɗuwa da ja, Vane ta riƙe hannunta mai ƙanshin tafarnuwa ta ce, "Ni fa ba wasa na zo yi ba." Nalva ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta rasa wadda za ta yi. Ta bar hannun inda yake.

Bayan 'yan watanni Vane ta ce lokaci ya yi da za ta gaida mahaifiyarta. Jirgi yana tsayawa Óbidos a sauke kaya a ɗora, lokacin ya isa mutum ya hau tudu ya dawo in bai tsaya surutu ba. Nalva ta dafa farfesun kifin tambaki tun da safe, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ɗauki tukunya.

A bakin tasha wani mutum mai faffaɗar kafaɗa ya riga ya ɗora dilolin Vane a bayan motarsa. Aldemir kenan, mai gidan ƙanƙara, wanda duk masuncin garin ke saye a wurinsa. Ba shi da mugunta ko kaɗan, abin da ya fi ba Nalva haushi kenan.

"Kullum shi ke ɗaukar miki kaya?"

"Mama ke turo shi. In bar diloli a rana don ki ji daɗi?"

Mahaifiyar Vane, Dona Zuleide, tana tsaye a ƙofa. Mu nan yaro ba ya wuce babba bai nemi albarka ba. Ka kama hannu ka sumbata, a ce Allah ya yi maka. Vane ta yi, aka sa mata. Nalva ta ajiye tukunya ta rusuna.

"A sa min albarka, Dona Zuleide."

Tsohuwar ta cusa hannayenta biyu a aljihun rigar girkinta.

"Sannu da zuwa. Ke ce ƙawar tata mai dafa abinci a jirgi?"

"Mama, na gaya miki ba ƙawa ba ce."

"Na ji abin da kika gaya min. Ku shigo, rana na dukan ku."

A falo, kan 'yar kantar da ake kunna kyandir, Nalva ta ga mutum-mutumin waliyyi Santo Antônio. Na itace ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu da yatsu ba, an ɗaure ƙafafunsa da zare an rataye shi a ƙusa, kai ƙasa. Jariri Yesu yana maƙale a hannunsa da ɗan tsinken katako, shi ma kai ƙasa. Babu wanda zai tambayi ma'anar wannan. Waliyyin aure ne, kuma ba ya aiki sai an matsa masa. Wasu su juya shi, wasu su ƙwace masa jaririn, ba a sauke shi ko a mayar masa sai an ɗaura.

"Marigayi mijina ya sassaƙa shi," in ji Dona Zuleide, ganin inda Nalva ke kallo. "Da guntun katakon jirgin ƙarshe da ya ƙera. Tun yarinyar nan na da shekara ashirin yake a haka, kuma a haka zai zauna har ya kawo min suruki."

Ta danna kalmar ƙarshen da kyau. Aldemir, wanda ke shigo da dila a ka, ya yi tari.

Ba a buɗe tukunyar ba. Da jirgi ya sake biyowa, an aiko da ita a wanke tas, Vane kuma ta amsa da ƙyar cewa maƙwabta ne suka cinye, har sun yaba.

Ba a jima ba saƙo ya riski Nalva daidai Itacoatiara.

"Rabin raina, kada ki ji a bakin wani. Jaririn waliyyi ya ɓace. Mama ta birkita gidan, tana ta kuka. Ta ce ke ce kika ɗauke don ki karya mata roƙo."

Nalva ta ajiye wuƙa ta rubuta amsa.

"Ni da na shiga gidan sau ɗaya? Ke me kika ce mata?"

"Na rantse mata ba ke ba ce."

"Ta yaya kika san ba ni ba ce?"

Sabis ya ɗauke kafin amsa ta zo. Da ta zo washegari, cewa kawai Vane ta yi, "Na sani mana. Ki ci abinci."

Daga nan abubuwa suka fara yi wa Nalva yawa. Vane, wadda ke wurgar da jakarta ko'ina, ta koma yin matashin kai da ita. In za ta shiga wanka sai ta cusa ta can ƙarƙashin diloli. In an yi zancen jaririn sai ta kawo zancen farashin silifa. Nalva ta daina tambaya, ta koma kallo, wanda ya fi tambayar muni.

Watan Yuni ya kama, kogi ya cika har ya shanye bishiyoyin gaɓa. Suna gangarowa daga Manaus, za su isa Óbidos ranar bikin waliyyin. A layin abinci wata mata 'yar garin, mai bakin da ba ya rufuwa, ta miƙo kwano tana yi wa ta bayanta bayani.

"Ai gobe akwai kallo a gidan Zuleide. Aldemir ya je Santarém takanas ya sayo wani abu a ɗan akwati, ya ce ranar Santo Antônio zai kai. Sa min cinya, 'yar nan, ba fiffike ba."

Nalva ta sa mata wuyan kaza.

Washegari da hantsi Vane ta shiga layin wanka. Nalva ta tsaya a ƙofar kicin tana goge hannu, tana gaya wa kanta cewa ita ba mai taɓa kayan mutane ba ce. Tana cikin faɗa wa kanta haka ta tsinci hannunta a ƙarƙashin diloli.

Can ƙasan jakar akwai safa guda, an ƙulle bakinta. Ta kwance. Ɗan jaririn katako ya faɗo tafinta, bai kai babban yatsa ba, da tsinkensa a baya, fentin kumatunsa ya koɗe.

Sai da ta zauna a kan buhun gari.

Lissafin bai yi mata wuya ba, ita da ta saba. Ba uwar kaɗai ke matsa wa waliyyi ba, 'yar ma ta sa hannu, kuma da hanyar da ta fi zafi. Mace ba ta ƙwace jariri sai tana son aure da gaske. Ga Aldemir da ɗan akwatinsa. Ita kuma an bar ta da sunan ɓarauniya, ana ce mata ta ci abinci. Firijin Cleide ya sake wucewa ta gaban idonta, a kan kafaɗar 'yan dako.

Ba ta yi kuka ba. Ta sa jaririn a aljihu, ta ƙulle safar yadda ta same ta, ta koma ta ɗora wake.

"Yau kin yi shiru, 'Yar Sanda," in ji Vane, tana tsane gashi.

"Albasa ce."

Da aka ɗaure jirgi a Óbidos, motar Aldemir ba ta tasha. Karon farko kenan. Vane ta tsaya tana rigima da 'yan dako a kan dilolinta, Nalva kuwa ta zame ta bayan buhunan goro na daji, ko rigar girki ba ta cire ba, ta kama tudu. An ƙawata titi da tutocin takarda, ana jera itacen wutar biki a ƙofar gidaje, ƙanshin dafaffiyar masara ya cika gari. Ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da za ta faɗa take maimaitawa, don ta faɗe shi ba tare da murya ta karye ba.

Ƙofar a buɗe take. Ta shiga ba sallama, sai ta yi turus.

Aldemir na tsaye a kan kujera, gumi ya jiƙa masa riga, yana ƙoƙarin ɗaure wani jaririn roba a hannun waliyyin da robar ɗaure kuɗi. Jaririn ya kusa kai waliyyin girma, ga shuɗin ido. Ɗan akwatin yana kan tebur a buɗe. Dona Zuleide ta riƙe kujerar, fuskarta kamar ta sha maganin zazzaɓi.

"Dona Zuleide, shi ne mafi ƙanƙanta a duk Santarém," Aldemir ke cewa. "Mai shagon ya ce har haske yake yi a duhu."

Robar ta tsinke, jaririn ya faɗo ya yi tsalle a ƙasa.

To, ba zobe ba ne. Amma wannan bai goge safar ba. Nalva ta matsa gaba, ta buɗe tafinta.

"Ga naku."

Tsohuwar ta saki kujera, har Aldemir ya yi tangaɗi. Ta kalli ɗan katakon, ta kai yatsa ta shafa kansa kamar mai taɓa yaro mai barci. Sannan ta ɗago.

"Dama na faɗa! Na ce ke ce!"

"Ba ni ba ce. A jakar 'yarki na same shi. Ku mayar wa waliyyinku, ya ba ta mijin da take roƙo. Ni na janye, ba sai an yi lodin gado a jirgina ba."

"Kin buɗe jakata."

Vane ce a bakin ƙofa, tana haki, safar a hannunta. Ba a taɓa ganin fuskarta babu dariya ba sai ranar.

"Na buɗe," in ji Nalva. "Ke kuma kin bari ana ce min ɓarauniya, abin yana ƙarƙashin kanki."

"Wannan laifina ne, kuma ya hana ni barci. Amma kin san ba a faɗa. In an faɗa roƙon ya karye."

"To ai bai karye ba. Ga mijin nan a kan kujera."

Aldemir ya sauko a hankali, kamar mai tsoron kada a ce shi ya fasa wani abu.

"Edinalva," in ji Vane, kuma ba ta taɓa kiran cikakken sunan ba. "Wa kike tsammani na roƙa?"

"Wa ake roƙo a wurin Santo Antônio?"

"Shekara da shekaru Mama ta rataye shi yana nema min miji, kin ga na ɗauki mijin? Ranar da ta hana ki hannunta, na ga idonki. Na ce to, tunda shi ne ya tsaya tsakaninmu, bari in kama shi ta inda zai ji. Na ce masa ba zai ƙara ganin yaron nan ba sai ya ba ni ke. Ke, da ludayinki da mugun idonki."

Daga tasha jirgi ya yi ƙaho.

Nalva ta sake bin lissafinta. Ta zargi Aldemir, ta zargi uwar, ta zargi sabis ɗin waya da matar layin abinci. Ta juya maganar ta kowace fuska, ban da guda ɗaya. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa ita ma abar roƙo ce, cewa wata za ta iya saɓa wa uwarta da waliyyi don a ba ta ita. Kunya ta rufe ta, wani daɗi mai ciwo ya biyo baya.

"Ni ban san yana ba da mata ba," ta faɗa a hankali.

"Kin taɓa tambayarsa? Ke ai ba kya tambaya, bincike kike yi." Hawaye ya zubo wa Vane, ta share da safar. "Zan iya zama da zafin kicin har in tsufa. Amma ba zan zauna da wadda za ta jira in shiga wanka ba."

Ƙaho ya sake tashi, mai tsawo. Duk wanda ke aiki a jirgi ya san na uku ba ya jiran kowa, kuma akwai mutum sama da ɗari da ke jiran abincin dare. Nalva ta kalli ƙofa. Sannan ta kwance rigar girkinta, ta ninke, ta ajiye a kan tebur kusa da ɗan akwatin.

"Su ci burodi. Vane, na yi kuskure, ki yafe min. Daga yau in abu ya tsaya min a rai, da baki zan tambaye ki. Ga ta farko ma. Za ki aure ni?"

"Sai na yi tunani."

"Kwano Biyu!"

"To, na gama. Zan aure ki."

Sai a lokacin suka tuna ba su kaɗai ba ne. Dona Zuleide ta zauna a kujerar da Aldemir ya sauka, jaririn a tafinta. Ba su take kallo ba, waliyyin take harara.

"Haka muka yi da kai?" ta ce masa. "Haka muka yi?"

"Mama?"

"Jiya na durƙusa a nan na ce masa na gaji. Na ce ya dawo min da aikin hannun mijina, ni kuma na daina zaɓa masa. Duk hannun da ya shigo min da yaron nan ta ƙofar nan, na karɓa." Ta juya ta kalli Aldemir. "Na san kai ka tafi nema, shi ya sa na saki baki."

"Ai na kawo, Dona Zuleide."

"Ka kawo 'yar tsana mai haske a duhu."

Aldemir ya tsuguna ya ɗauki jaririnsa, ya kaɗe masa ƙura. Ya ce dama shi tun tuni ya lura ba don shi Vane ke yin kwalliya ranar jirgi ba, kunyar tsohuwa ce ta hana shi daina zuwa. Ya ce ƙanƙarar biki a kansa. Mutumin kirki ne, na gaya muku.

"Fada ba zai ɗaura wannan a coci ba," in ji Dona Zuleide.

"Ofishin rajista zai ɗaura, Mama. Doka ta daɗe da yarda."

"Ban ce ina so ba. Cewa na yi na yi alkawari, alkawari kuma kaya ne." Ta miƙe za ta maƙala jaririn, Vane ta yi wuf ta karɓe, ta mayar cikin safa.

"Bai gama aiki ba tukuna. Ba a biyan leburan da bai kai kaya gida ba."

Ƙaho na uku ya tashi. Ta taga suka hango Boa Lembrança yana juya hanci zuwa Santarém ba tare da mai girkinsa ba. Washegari sai da Nalva ta bi shi a ƙaramin jirgi mai gudu, ta sha faɗan kyaftin har kunnenta ya yi zafi, tana ta murmushi, abin da ya ƙara fusata shi.

A hanya saƙon Vane ya shigo.

"Mama ta ce in tambaye ki ko da ganyen me kika yi farfesun nan. Wai maƙwabciya ce ke son sani."

"Wace maƙwabciyar?"

"Kin fara ko?"

"Da baki na tambaya."

An ɗaura auren bayan ruwa ya janye, yashi ya fito fari a gaɓa. Su biyun suka sa farare, suka sa hannu a gaban ma'aikaciyar rajista, Aldemir na cikin shaidu. Dona Zuleide ta zo da baƙar jakarta a ƙirji, ta zauna a layin baya, ba ta yi tafi ba. Amma da aka dawo gida ita ta hau kujera da kanta, ta kwance zaren, ta tsayar da Santo Antônio a kan ƙafafunsa. Vane ta kwance safa ta miƙa mata. Tsohuwar ta girgiza kai, ta nuna Nalva da haɓa.

"Ita ta kawo shi. Ta ƙarasa."

Nalva ta maƙala tsinken a raminsa, ya shiga daidai.

Kyaftin, wanda ya huce tun da ya ci wake a hannun wani, ya ba da benen jirgi don walima. Amarya ko ba amarya ba, Nalva ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata tukunya. Ta ɗaura rigar girki a kan farar rigarta, ta kama ludayi, idonta a kan fuskoki. Layi ya yi nisa, sai ga kwano an miƙo.

"Ke, ba ɗazu na zuba miki ba?"

"Wannan karon ba nawa ba ne," in ji Vane.

Nalva ta bi ta da ido, don hali zanen dutse ne. Ta ga ta ratsa masu rawa, ta kai kwanon can gefe inda Dona Zuleide ke zaune ita kaɗai. Tsohuwar ta shinshina, ta barbaɗa garin rogo, ta kai cokali ɗaya. Ta kai na biyu. Ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan kwanon. Sannan ta yafito mai girkin.

Nalva ta ajiye ludayi ta je.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," in ji Dona Zuleide.

Ta goge hannunta na dama a jikin siket, gaba da baya, ta miƙa shi.

Nalva ta durƙusa ta kama shi da hannu biyu. Muryar da ta riƙe tun ranar firiji ta karye a nan.

"A sa min albarka, Mama."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya yi muku ku biyun, ya ba ku zaman lafiya a ruwa da tudu. Tashi, kada wake ya kama."